Kason Wanzami a Gidan Yayana

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane da wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba, kuma babu mai karanta maka ita. Duk da haka sai na rubuta, domin tun ranar sunan ɗanka nake yawo da magana a ciki, kuma kai ne ya kamata ka ji ta. Ka san halina. In ban zauna na jera abu a rubuce ba, ba na gane ko ni ke da gaskiya ko ni na yi wauta. To zan jera maka shi yadda ya faru.

Bari in fara da labarin gida. Matarka Hajiya Asma'u ta sauka lafiya, namiji, kuma sunanka aka sa masa. Da haihuwar nan, takabarta ta ƙare. 'Yarka Hadiza ta yi tsawo, an ce tana ƙoƙari a makaranta. A Fakku gero ya yi kyau bana, dawa ce ruwa ya yi wa yawa a gonar fadama. Ina nan a aikina na makarantar firamare a Kebbe, ranar kasuwa kuma ina ɗaukar zabirar askin Baba in zauna a inda yake zama. Idon Inna na hagu ya ƙara rufewa. Labarin ke nan. Saura abin da ya sa na zauna.

Yaya, kai ne ɗan farin Inna. Tun da aka yaye ka Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta ɗauke ka, kamar yadda ake yi a wurinmu. A ɗakinta ka tashi, ita kake ce wa Inna. Wadda ta haife ka kuwa ba ta taɓa kiran sunanka ba, don kunyar ɗan fari. In maganarka ta kama sai ta ce "wancan" ko "na Hajo". In ka shigo gida sai ta sami abin yi a bayan rumbu. Baƙo zai rantse ba ta san ka ba. Amma ni da nake ɗakinta na san wa take ware wa fura mai kyau, ta ce in kai wa mutanen Hajo. Na san wa take tsayawa kallo ta kafar dangar kara in ya juya baya zai tafi makaranta. Kai ma ka sani. Kada ka ce mini ba ka sani ba.

Allah Ya ba ka karatu, Ya ba ka aikin ofis a Tambuwal. Ka gina gida a sabuwar unguwar nan ta bayan gari, inda kowa ya ja katanga ta wuce kan mutum, ga ƙofar ƙarfe, ga tankin ruwa a sama, maƙwabci ba ya jin tarin maƙwabcinsa. Mun yi murna. Baba ya rasu bai ga gidan ba, Gwaggo Hajo ma ta rasu kafin ka nemi aure. Da ka nemi ɗiyar Malam, gidan da tun kakanni karatu da limanci aka san su da shi, sai ka ce mana maigidanka na ofis zai tsaya maka a wurin ɗaurin aure, kada mu wahalar da kanmu da hanya. Muka ce to. Sau ɗaya ka kawo amarya Fakku. Inna ta yi abin da kowace uwar ɗan fari take yi, ta fice gidan maƙwabta, sai da za ku tafi ta zo ta gaida amarya kanta a sunkuye. Tsakanin azahar da la'asar kuka zo kuka tafi.

Ni kuwa na fi kowa shiga gidanka. Ba ka son injin aski, ka ce babu abin da ya kai askar Baba daɗi a kai. Sai in hau babur in zo da zabira, in yi maka aski a ƙaramin ɗakin nan na bakin ƙofa. In baƙi suka tarar da mu sai ka ce, "Haruna ke nan, mutumin garinmu, ɗan gidan wanzamai ne." Nakan koma gida ina juya maganar. Haruna ne ni, mutumin garinku ne, ɗan gidan wanzamai ne. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abu ɗaya kawai kake tsallakewa. Ban taɓa gaya maka ba, amma duk ranar da ka faɗi haka, abincin da ake miƙo mini daga cikin gida ba na iya cinsa. Sai in ce wa kaina ai mai aikin ofis yana da abin da yake karewa, ni ne mai ƙananan tunani. Duk laifin kuma na ɗora wa matarka. Na ɗauka ita ce mai girman kai, ita ce ba ta son ganin ƙauyawa a tsakar gidanta.

Ko a zaman makokinka ban farka ba. Inna ta zauna a gefe cikin mata, ba ta yi kuka a gaban jama'a ba, don uwar ɗan fari ba ta yi. Masu gaisuwa suka riƙa wuce ta suna zuwa wurin Hajiya da iyayenta mata. Ni ina ƙarshen tabarma a waje, ana miƙa wa surukanka hannu ana ce musu Allah Ya ba da haƙuri. Na ce haka masu hali suke yin nasu makokin, mu ba mu saba ba ne.

Da aka haihu, wan Hajiya ya kira ni a waya ya gaya mini ranar suna, ya ce in zo da kayan aiki. Wallahi daɗi na ji. Ka san a gidanmu ba a kiran bare ya yi wa ɗanmu askin suna. Baba ne ya aske ka, shi ya aske ni, ni na aske nawa 'ya'yan. Lokacin sunan Hadiza sai bayan an gama ka gaya mana. Na ce to, yau dai mutanen nan sun tuna yaro yana da dangin uba. Da na gaya wa Inna, tun jajibiri ta surfa gero ta bushe don kunun mai jego, ta ƙulla daddawa, ta cika ɗan kwano da man shanu. Ta ɗaura atamfar da ka aiko mata da sallah. Na ɗauko ta a bayan babur, hanya duk ruwa ya cinye ta, tana riƙe da ƙunshin a cinya, ko sau ɗaya ba ta ce in rage gudu ba.

Mun tarar an kafa rumfa a ƙofar gidanka, motoci sun cika layin, malamai da ma'aikata suna kan darduma. An riga an raɗa suna, an yanka rago. Inna ta shige ciki. Daga baya na ji cewa wata ta karɓi ƙunshinta ta ajiye a kicin, aka nuna mata bayan gida inda matan da aka ɗauko don girki suke. Ka san Inna ba ta iya zama hannu sake. Da ta ga kwanuka sun taru sai ta ja kujera ta hau wanke-wanke, da sabuwar atamfarta.

Aka kira ni tsakar gida. Gwaggon matarka, Hajiya Luba, ita ta fito da jaririn ta riƙe mini shi. Na sa sabuwar reza, na jiƙa kan da ruwan ɗumi. Yaya, kunnensa naka ne, har ɗan lanƙwasar nan ta sama. Da na gama na yi masa addu'a, na ɗaga kai ina neman Inna don a miƙa mata shi, domin kaka ce ke karɓar yaro daga hannun mai aski. Sai na hango ta can bakin famfo, kwano a hannu, ta karkato da idon da yake gani tana leƙen yaron daga nesa.

Nan Hajiya Luba ta ɗaga murya ta ce, "A kawo ma wanzami kasonshi ya kama hanya, garinsu da nisa. Ita ko tsohuwar da yaz zo da ita, a ƙulla mata tuwo da nama, wallahi ta yi aiki." Aka fito da faranti: kwanon hatsi, cinyar rago, goro a kai. Aka ajiye a gabana kamar yadda ake ajiye mini a kowane gida.

Ka san ni ba mai magana cikin mata ba ne. Har yau ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce ba zan ɗauka ba, domin ba a biyan mutum don ya aske ɗan wansa. Na ce ni da marigayi uwa ɗaya uba ɗaya muke, waccan da ke wanke musu kwanuka kuma ita ce kakar yaron da ke hannunsu.

Wata yarinya ta yi dariya aka kwaɓe ta. Hajiya Luba ta ce, "Kai wanzami, ji tsoron Allah. Uwar Alhaji ta rasu tun kafin aurensa, mu munka sani. In ƙari kake so ka ce ƙari." Ban gama haɗiye wannan ba sai ga matarka ta fito daga ɗaki, mayafi a ka, tana dafa bango. Ba faɗa ta yi ba. A hankali ta ce kai da bakinka ka gaya mata mahaifiyarka Hajo ta rasu, kuma duk Juma'a tana fitar mata da sadaka. Ta ce ta sha roƙonka ka kai su Fakku su ga tushen Hadiza, kana ce mata babu wanda ya rage sai maƙwabta.

Maƙwabta, Yaya? Ni da Inna ne maƙwabtan?

Shekara da shekaru ina jin haushin baiwar Allah, ina ganin ta raina mu, ashe ita ba ta ma san akwai mu ba. Ashe katangar da nake gani tsakaninmu da gidanka ba surukanka suka gina ta ba.

Aka aika wa Malam, ya shigo, mata suka ja baya. Mutum ne mai natsuwa, ban ga ya canja fuska ba. Ya saurari kowa, sa'an nan ya ce maganar nasaba ba a karɓar ta daga bakin mutum ɗaya cikin fushi, ba a kuma watsar da ita don an ga zabira. Ya ce ga mai maganar nan zaune, a tambaye ta. Aka kawo Inna tsakiya, hannunta a jiƙe, gefen zanenta duk ruwan sabulu.

Malam ya ce, "Baiwar Allah, mi ke tsakaninki da marigayi?" Ta dubi ƙasa ta ce mutanen Fakku ne mu. Ya sake tambaya. Ta ce Hajo ce ta rene shi. Malam ya ce shi ba wadda ta rena yake tambaya ba, wadda ta haifa yake tambaya, kuma ta yi haƙuri, dole sai ta faɗa da bakinta, domin haƙƙin yaran nan yana rataye da amsarta. Sai Inna ta juyo ta dube ni. Wannan kallo ba zan manta da shi ba har in tarar da kai. Kallon wadda ɗanta ya yaye mata mayafi a kasuwa ne. Na fara tunanin za ta ce ƙarya nake yi don ta rufa maka asiri, kuma na san za ta iya. Da ta yi haka, da shi ke nan, da yaran nan sun tashi ba su da kowa a Fakku, ni kuma na zama wanzamin da ya zo neman ƙari a gidan marayu.

Can ta ce, da muryar da sai da Malam ya sunkuya kafin ya ji, "Ni na haifi Bello."

Na kai shekara arba'in a duniya, ranar na fara jin sunanka a bakinta. Ba a ɗakinta ba, ba cikin addu'a ba. A gaban surukai, a gaban masu girki, kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Abin da ta riƙe tun tana yarinya, wanda matan Fakku suke yaba ta da shi, a nan ta ajiye shi don 'ya'yanka su sami dangi.

Matarka ta karɓi jaririn daga hannun gwaggonta, ta durƙusa har ƙasa, ta ɗora shi a cinyar Inna tana kuka. Inna ta goge hannu a zane ta riƙe shi. Ba ta yi kuka ba. Hadiza tana maƙale da ƙofa tana tambayar wace ce.

Ba zan ɓoye maka sauran ba, don ina so in yi maka adalci ko da ina fushi. Hajiya Luba ta koma gefe ta ce, yadda kowa zai ji, da sun san gidan wanzamai ne da maganar ba ta kai ga haka ba tun farko. Malam ya ce ta yi shiru. Amma bai ce ƙarya take yi ba. Na lura da wannan, kuma na yi ta juya shi. Wataƙila lissafinka daidai ne. Wataƙila da ka je musu da sunan Baba da sana'arsa, da an ba ka haƙuri cikin ladabi an ce an riga an yi wa yarinya miji. Mutanen da ba sa iya fita sallar Juma'a sai mun gyara musu kai, ba sa raɗa wa ɗa suna sai sun kira mu, su ne kuma ke ganin jininmu bai isa ya haɗu da nasu ba. Wannan ma yana ƙona ni, kuma ba kai ka ƙirƙiro shi ba. A cikinsa muka tashi.

To amma, Yaya, in zabira ce abin kunyar, ka ɓoye zabira. In ni ne, ka ɓoye ni, na ɗauka, dama na saba da ɗakin bakin ƙofa. Me Inna ta yi maka? Ta taɓa riƙe aska? Me ya sa sai ita ka zaɓa ka binne da ranta? Na yi ta neman amsa, kuma wadda na samu ita ce ta fi ba ni haushi: ka zaɓe ta ne don ka san ba za ta taɓa magana ba. Ka san ko a gabanta aka ce uwarka ta mutu, sunkuyar da kai za ta yi. Ka san za ta gudu gidan maƙwabta ranar da ka kawo amarya. Ka san za ta zauna a makokinka kamar 'yar rakiya. Kunyar da take yi don girmama ka, ita ka ɗauka ka yi ginin gidanka a kanta. Wanda bai san al'adarmu ba ba zai iya wannan ba. Sai ɗan gida.

Kana aiko mata da atamfa da sallah, na sani. Kana zuwa ka ajiye mota a bakin makaranta ka ƙaraso da ƙafa, ka gaishe ta daga bakin ƙofa, ka tafi. Me kake ji a ranka a hanyar komawa? Ka taɓa niyyar gyarawa, kana jiran Malam ya tsufa ko yara su girma? Ko ka ɗauka ita za ta riga ka, magana ta mutu da ita? Ka ga yadda Allah Ya yi nasa.

Bayan haka Malam ya kama hannuna ya fitar da ni rumfa, ya zaunar da ni kan darduma, ya gaya wa jama'a ko ni wane ne. Wasu suka taso suka yi mini gaisuwar rasuwarka, wata da watanni bayan an binne ka. Wasu kuma idonsu na kan zabirar da ke rataye a kafaɗata. Ban cire ta ba. Malam ya ce akwai haƙƙin uwa a abin da ka bari kuma za a fitar mata, Inna ta aiko cewa kada a sake yi mata wannan magana. Faranti kuwa a inda aka ajiye shi na bar shi.

Kada ka ɗauka mun dawo gida da murna. Labari ya riga mu isa, cewa ta ambaci sunan ɗan farinta a gaban surukai. Yanzu ba ta fita ko rijiya, ko gidan biki. Kuma ka san da wa take fushi? Da ni. Ta ce na tona wa wancan asiri yana kwance ba ya iya kare kansa. Ta ce wanke-wanke a gidan ɗanta ba abin kunya ba ne, dama wa zai yi in ba ita ba. Ta ce kai ka san abin da ka gani a birni, mu ba mu sani ba. Har yanzu kare ka take yi, Yaya. Na rasa wanne ya fi ciwo, abin da ka yi mata ko yadda ta karɓe shi. Wani lokaci sai in ce ko da na ɗauki farantin na yi shiru, da na bar mata mutuncinta. Sai kuma in tuna yaron nan zai girma ya zo kasuwar Kebbe wata rana, ya wuce ni ina aski bai san ko ni wane ne ba. A nan nake tsayawa. Ban yi nadama ba, amma ban sami sanyi ba.

Shekaranjiya matarka ta kira ni a waya. Kawun yara ta ce mini. Ta ce kafin ta koma gidan iyayenta tana so ta kawo Hadiza da jaririn su yi kwanaki a Fakku. Gwaggonta ta hana, Malam ya ce ta je. Na gaya wa Inna tana tankaɗe, ta ci gaba da tankaɗenta. Da safe sai na tarar ta buɗe ɗakin Gwaggo Hajo ta share shi, ta fitar da tarkace. Ta ce in na je kasuwa in sayo sabuwar tabarma da gidan sauro. Ina shirin tayar da babur ta biyo ni har ƙofa, abin da ba ta yi ba tun dawowarmu, ta tambaye ni ko 'ya'yan birni suna shan ruwan rijiya, ko sai na leda.

Za su zo, in Allah Ya so. Za su ga rumbun Baba, su ga dutsen da yake wasa aska, su ci tuwon kakarsu. In yaron ya yi wayo zan gaya masa ɗan wane ne shi, jikan wane, ba zan tsallake komai ba. In ya tambaye ni me ya sa ubansa ya ce ba mu nan, ban san abin da zan ce masa ba. Wannan amsa ka tafi da ita.

Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, domin haƙƙinka ne a kaina kuma Inna tana kasa kunne ta ji ko na yi. Ita ta yafe maka tun kafin a tambaye ta. Ni ba zan yi maka ƙarya ba, ban kai can ba tukuna. Ina roƙon Allah Ya kai ni kafin mu haɗu.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka. Sai mun zo.

Ni ne ƙanenka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Haruna Wanzami, Fakku